Kama da Wane Ba ta Wane: Littafin «Dune» a Hannun Masu Shirya Fim

A ƙarshen fim ɗin «Dune» wanda David Lynch ya fitar a 1984, bayan jarumin ya ga bayan abokan gabansa, sai hadari ya haɗu a kan wata duniya wadda ba a taɓa ganin ɗigon ruwan sama a cikinta ba. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, mutanen hamada suka ɗaga kai suna duban sama, fim ya ƙare. Duk wanda ya tashi a ƙasar da ake zuba wa gabas ido tun daga watan Mayu ya san abin da wannan hoto yake yi wa zuciya. Amma wanda ya karanta littafin da aka ciro fim ɗin daga cikinsa, ruwan nan ba ya sanyaya masa rai, domin ya san cewa cikin minti biyu ya wanke abin da marubucin ya yi shekara da shekaru yana ginawa.

Daga nan ne tambayarmu ta taso. Idan aka ce fim ya riƙe amanar littafi, me ake nufi? Shin ya kwashe aukuwar labarin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya zubar da ko ɗaya ba, ko kuwa ya isar da saƙon marubucin ko da ya sauya hanya? Tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tun da Med Hondo ya mayar da «Sarraounia» na Abdoulaye Mamani fim a 1986. «Dune» kuwa ya fi kowane littafi dacewa da wannan gwaji, saboda mutum huɗu sun yi kokawa da shi cikin shekara hamsin, kuma kowanne ya faɗi a wurin da ɗan'uwansa bai faɗi ba.

Littafin da marubucinsa

Frank Herbert ɗan jarida ne na ƙasar Amurka, an haife shi a 1920, ya rasu a 1986. A 1957 ya je garin Florence na jihar Oregon don ya rubuta rahoto a kan yadda ma'aikatan gona ke dasa ciyawa domin kafe tuddan rairayi masu cinye hanyoyi da gidaje. Rahoton bai fito ba, amma rairayin ya zauna masa a kai. Labarin da ya haifa ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar Analog tsakanin 1963 da 1965. Masu buga littattafai fiye da ashirin suka ƙi shi, har sai da kamfanin Chilton, wanda aka fi sani da littattafan gyaran mota, ya buga shi a 1965. Ya ci kyautar Nebula ta farko, ya kuma raba kyautar Hugo ta 1966 da wani littafi na Roger Zelazny. Masu karatu da Faransanci sun same shi a 1970, ta fassarar Michel Demuth a gidan Robert Laffont.

Labarin ƙagagge ne na kimiyya, yana faruwa dubban shekaru nan gaba. Ɗan'adam ya bazu cikin taurari, amma tun da daɗewa ya yaƙi na'urori masu tunani ya haramta su, don haka ba kwamfuta a wannan zamani. Mulki ya koma hannun sarkin sarakuna da manyan gidajen sarauta. Abin da ya riƙe daular duka wani yaji ne da ke tsawaita rai, yana buɗe hankali, kuma sai da shi matuƙan jiragen sama jannati ke gane hanya. Ba a samunsa ko'ina sai a Arrakis, duniyar da rairayi ya rufe, inda manya-manyan tsutsotsi masu tsawon ɗaruruwan mita ke yawo a ƙarƙashin ƙasa. Sarkin sarakuna ya karɓe Arrakis daga gidan Harkonnen ya ba basarake Leto na gidan Atreides, alhali tarko ne. Aka ci amanar Leto aka hallaka gidansa. Ɗansa Paul, mai shekara 15, da mahaifiyarsa Jessica suka fantsama cikin hamada, suka sami mafaka wurin Fremen, mutanen ƙasar na asali. Cikin ƴan shekaru Paul ya zama jagoransu, ya kifar da daular.

In aka tsaya a nan, sai a ce labarin maraya ne da ya rama jinin ubansa. Herbert ya yi amfani da wannan tsohon zubi ne don ya yi gargaɗi a kansa. A wata maƙala da ya buga a mujallar Omni a 1980, ya bayyana cewa abin da ya ɗora littafin a kai shi ne imaninsa cewa jarumai masu kwarjini bala'i ne ga jama'ar da ta miƙa musu hankalinta. A wurin ne kuma ya kamanta kamfanin da ke juya dukiyar daular da ƙungiyar OPEC. Mai karatu a Nijar, inda aka fara haƙo uraniyom a Arlit a 1971, ba ya bukatar dogon sharhi a kan hamadar da ake kwasar albarkar cikinta zuwa wata ƙasa.

Abin da ke da wuyar ɗauka

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A sha'anin «Dune» maganar tana da iyaka, domin rabin abin da ke faruwa a littafin cikin zukata yake faruwa. Herbert yana shiga kan wannan ya fita ya shiga kan wancan a cikin shafi guda. Mutum na faɗin magana, mai karatu na jin abin da ya ɓoye, yana kuma jin yadda abokin zancensa ya gane ɓoyon. Babi mafi nuna wannan shi ne na liyafar da Leto ya shirya wa manyan birnin Arrakeen. Ba a zare takobi ba, amma kowace gaisuwa sara ce, kowace dariya kuma awon ƙarfi ce. Kyamara tana iya nuna fuska, sai dai ba ta da hanyar shiga bayanta.

Ga kuma wata dabara. Herbert ba ya ɓoye abin da zai faru. Tun a babobin farko ya faɗa wa mai karatu cewa likita Yueh ne zai ci amana, kuma kowane babi yana buɗewa da guntun rubutun gimbiya Irulan, wadda ke ba da tarihin Paul bayan komai ya wuce. Saboda haka mai karatu yana cikin halin da Paul ke ciki: yana hangen abin da ke tafe, ba shi da ikon tare shi. Paul yana ganin yaƙin da za a yi da sunansa, yana ƙoƙarin kauce masa, amma duk takun da ya yi don tsira sai ya ƙara kusantar da shi.

Sannan akwai ruwa. A Arrakis ruwa ne ma'aunin komai. Mutum na sa rigar da ke tace gumi da numfashinsa ta mayar masa abin sha. Tofa yau a gaban mutum girmamawa ce, don an ba shi danshin jiki. In mutum ya mutu, namansa nasa ne, amma ruwan jikinsa na jama'a ne. A ɓoye kuma Fremen na bin wani shiri da masanin ƙasa Kynes ya gada daga mahaifinsa: tarkon iska mai tatsar raɓa, tafkuna a ƙarƙashin duwatsu, da ciyawar da ake dasawa a bayan tudu don ta kafe shi. Aiki ne na ɗaruruwan shekaru, wanda mai dasawa ya san ba zai ga inuwarsa ba. Waɗanda suka ga aikin kafe rairayi a yankin Gure da Maine-Sorowa za su gane wannan haƙuri ba tare da fassara ba.

Jodorowsky da Lynch

Wanda ya fara yunƙuri mai ƙarfi shi ne Alejandro Jodorowsky, haifaffen ƙasar Chile, a birnin Paris a tsakiyar shekarun 1970. Ya tara mai zane Moebius, wanda ya zana fim ɗin hoto-hoto kusan 3000, da H. R. Giger da Dan O'Bannon. Ya nemi Salvador Dalí ya fito a sarkin sarakuna, Orson Welles kuma a shugaban Harkonnen. Tsawon da ya yi niyya ya haura sa'a goma, masu kuɗi suka ja baya, ba a ɗauki ko hoto ɗaya ba. Fim ɗin tarihi da Frank Pavich ya yi a kan wannan yunƙuri a 2013 ya sa mutane da yawa na jimamin abin da aka rasa. Ya kamata dai a tuna cewa a tsarin Jodorowsky, Paul zai mutu, ruhinsa ya shiga dukan jama'a, Arrakis ta yi kore shar. Wato zai ɗauki littafin da ke gargaɗi a kan mai ceto ya mayar da shi kirarin mai ceto.

Fim ɗin Lynch ya fito a 1984. An ɗauke shi a ƙasar Meziko da kuɗi kimanin dala miliyan 40, bai kuma mayar da su ba a gidajen silima na Amurka. Lynch bai yi ƙyashin littafin ba. Ya riƙe gimbiya Irulan tana buɗe labari, ya nuna matuƙan jiragen da yaji ya sauya musu halitta, ya kuma nemi maganin matsalar zancen zuci ta hanyar da ta fi sauƙi: ɗan wasa ya yi shiru, a ji muryarsa tana raɗa abin da yake tunani. A takarda wannan salo yana da armashi. A kan allo kuwa nauyi yake yi, don mai kallo ya riga ya karanta abin a fuskar ɗan wasan kafin raɗar ta maimaita masa. Aka kuma matse labarin cikin minti 137. Rabin farko ya tafi a natse, rabi na biyu ya zama gudu, har shekarun da Paul ya yi yana koyon zaman hamada suka wuce kamar walƙiya. A wasu gidajen silima sai da aka raba wa masu kallo takardar ma'anonin kalmomi.

Duk waɗannan ana iya yafe su a ɗora wa almakashin masu kuɗi. Abubuwa biyu ne ba sa yafuwa. A littafi, ƙarfin Fremen daga hamada yake, ita ta hore su har suka fi sojan sarkin sarakuna. Lynch ya ba su wani makami mai aiki da sauti wanda Paul ya kawo musu, sai nasarar ta zama kyautar baƙo. Na biyu shi ne ruwan saman da muka fara da shi. A ƙa'idar littafin ruwa guba ne ga tsutsotsi, su ne kuma tushen yaji, don haka ruwan Lynch zai kashe abin da Paul ya riƙe daular da shi. Abin da ya fi wannan muni, ruwan ya tabbatar da cewa Paul mai mu'ujiza ne da gaske. Herbert, wanda ya yaba wa fim ɗin a wasu wurare, ya nuna rashin jin daɗinsa a kan wannan, yana mai cewa shi mutum ya rubuta mai shigar allahntaka, bai rubuta wanda ke iya saukar da ruwa ba. Lynch da kansa ya nisanta daga aikin, har ya cire sunansa daga doguwar sigar da aka nuna a talabijin a 1988.

Harrison: amanar haruffa

A watan Disamba na 2000 tashar Sci Fi ta Amurka ta nuna «Dune» na John Harrison, kashi uku, kimanin sa'a huɗu da rabi. Idan amana ita ce ƙirga, wannan ne ya zo na ɗaya. Shi kaɗai ya riƙe liyafar Arrakeen. Ya nuna ɗan farin Paul da aka kashe yana jariri, ya bar ƙanwarsa Alia, ƙaramar yarinya mai hankalin tsofaffi, ta kashe shugaban Harkonnen kamar yadda aka rubuta. Babban sauyin da ya yi shi ne faɗaɗa rawar gimbiya Irulan. Malamin da ke son ɗalibansa su san jerin aukuwar labarin zai same shi cif a nan.

Sai dai an ɗauki aikin ne cikin ɗakunan ɗaukar fim na birnin Prague, hamadar kuma zane ce a kan ƙaton labule. Vittorio Storaro ya haska ta da gwaninta har aikin ya ci kyautar Emmy, amma ido ya san labule. Ba a jin zafi, ba a jin ƙishi, tufafin ƴan wasa tsaf kamar ranar salla. Littafin da ruwa ne jigonsa, in mai kallo bai ji maƙogwaronsa ya bushe ba, to an ba shi kwano ne an hana shi tuwo.

Villeneuve: abin da ido da kunne suka samu

Denis Villeneuve, mutumin Kebek ta ƙasar Kanada, ya raba littafin gida biyu: na farko a 2021, minti 155, na biyu a 2024, minti 166. Ya fita hamada ta gaske, a Wadi Rum ta ƙasar Jodan da rairayin Liwa na Abu Dabi. Na farko ya ci kyautar Oscar shida, na biyu ya ci biyu ya kuma tara sama da dala miliyan 700. Ya ɗauki hanyar da ta saɓa wa ta Lynch. Ya jefar da raɗar zuci gaba ɗaya, ya dogara da girman hoto, da shiru, da sauti. Sa'ad da tsutsa ta haɗiye injin haƙar yaji, ko sa'ad da Paul ya hau bayanta karo na farko, fim ya ba da abin da shafi ba ya iya bayarwa. A nan kam gani ya kori ji.

Ya kuma san yadda ake taƙaita babi cikin hoto guda. A littafi akwai bishiyoyin dabino ashirin a gaban fada, kowace tana shan ruwan mutum biyar a rana, talakawa na wucewa suna yi musu kallon ƙirga. Villeneuve ya sa mai ba su ruwa ya yi wa Paul wannan lissafi, daga baya ya nuna su suna ci da wuta a daren da aka faɗa wa birnin. Ba a ƙara kalma ba, an kuwa faɗi komai.

Amma farashin shirun yana da tsada. Liyafar ta tafi, da ita kuma siyasar birnin. Thufir Hawat, mai lissafin gidan Atreides, ya ɓace daga kashi na biyu, matuƙan jiragen da su ne sirrin darajar yaji ba a ba su wuri ba. Kynes, wanda aka mayar mace, sauyin da bai cutar da komai ba, ya rasa mutuwarsa ta littafi, inda yake kwance shi kaɗai cikin rairayi yana jin muryar mahaifinsa na yi masa darasin ilimin ƙasa, yana kuma fahimtar cewa babban haɗarin da ya faɗa wa jama'arsa shi ne jarumi. A fim an soke ta da wuƙa, ta kira tsutsa ta haɗiye ta tare da makasanta. Hoton ya yi kyau, darasin ya salwanta. Shirin dasa ciyawa kuma ya ragu zuwa alkawarin aljanna mai kore, abin jira maimakon abin yi.

Asarar da ta fi zafi ita ce jana'izar Jamis, mutum na farko da Paul ya kashe, wanda Babs Olusanmokun, haifaffen Nijeriya, ya fito a matsayinsa. A littafi, jama'a na zagaye da kayan mamacin, kowa na fitowa ya ambaci alherinsa ya ɗauki abu ɗaya. Aka bar Paul ya fito shi ma ya kira wanda ya kashe abokinsa, sai hawaye ya zubo masa. Fremen suka yi tsit, suna taɓa kuncinsa, don sun ga wanda ya ba mamaci ruwa. Aka kuma ɗora masa nauyin matar Jamis da ƴaƴansa biyu. Wannan babi ne ya nuna cewa Fremen al'umma ce mai shari'a da gado da tausayi. Fim ɗin ya tsallake shi, Fremen ɗinsa kuma suka fi kama da runduna.

Kalmar da ta ɓace

Mai karatu Bahaushe yana shiga «Dune» da wani mabuɗi da yawancin masu karatun Amurka ba su da shi. Kalmomin Fremen ba baƙi ba ne a kunnensa. Suna jiran Mahdi. Suna kiran Paul Lisan al-Gaib, mu kuwa mun san lisani mun san gaibu. Sunansa na ɓoye Usul, ɗan'uwan kalmar asali. Muad'Dib, sunan ɓeran hamada da ya zaɓa, ya yi kama da kalmar Larabci mai nufin mai koyar da ladabi. A cikin littafin akwai hajji, da Ramadan, da baraka, da ilimi, da fiƙihu, da shaiɗan. Herbert ya karanta tarihin Larabawa da na Imam Shamil wanda ya yaƙi Rasha a tsaunukan Kaukasus a ƙarni na 19, ya gina mutanensa da wannan ƙasa.

Kalmar da ta fi kowace nauyi a littafin ita ce jihadi. Da ita ake kiran tsohon yaƙin da ya ƴantar da ɗan'adam daga na'urori, da ita kuma ake kiran guguwar da Paul ke tsoro. A finafinan Villeneuve ba a furta ta ko sau ɗaya ba. An musanya ta da yaƙi mai tsarki, a tallan farko na 2020 ma kalmar yaƙin ƴan Salibiyya aka sa a bakin Paul. Ana iya gane dalili. Herbert ya rubuta a 1965, su kuwa suna aiki bayan 2001, lokacin da kalmar ta zama abin zargin Musulmi a bakin waɗanda ba su san ta ba. Uzurin yana da ƙarfi, amma ba ya rufe asarar.

A wannan yanki namu kalmar tarihi ce mai fuska fiye da ɗaya. Jihadin Shehu Usmanu na 1804 ya kafa daula ya bar tarin littattafai, shi ne kuma ya sa sarautar Katsina ta koma Maradi, ta Gobir ta koma Tsibiri. Jiran Mahdi ma mun san shi. Shi ya tayar da mutanen Kobkitanda a ƙarshen 1905 da na Satiru a 1906 a kan Turawan mulkin mallaka, an kuma san yadda aka murƙushe su. Wanda ya gaji irin wannan tarihi ya san cewa yunƙuri ɗaya na iya zama ƴanci ga wani gida ya zama gudun hijira ga maƙwabcinsa. Wannan faɗin ma'ana ne Herbert ya ara. Villeneuve ya riƙe Mahdi da rawani da kalmomi masu amon Larabci, ya cire kalmar da ke tilasta tunani, sai ado ya saura. Kuma a manyan ƴan wasan da suka fito a Fremen a 2021 ba Balarabe, ba ɗan Arewacin Afirka.

Akwai wani sauyi mai alaƙa da wannan. Fim na biyu ya raba Fremen gida biyu, matasan arewa masu shakka da mutanen kudu masu tsattsauran ra'ayi. Littafin bai san wannan rabo ba. Shugaba Stilgar, wanda a littafi dattijo ne mai auna magana, ya zama mai gaskata komai tun daga farko, har ana yi masa dariya a gidajen silima. A littafi sai can ƙarshe Paul ya dube shi ya ga aboki ya rikiɗe ya zama mabiyi, ya ji baƙin cikin wannan ragi. In mutum bai fara da girma ba, ba a ganin faɗuwarsa.

Chani: saɓon da ya zama biyayya

Duk da haka, babban saɓon da Villeneuve ya yi wa littafin shi ne wurin da ya fi yi masa biyayya. A littafi Chani, masoyiyar Paul, tana tare da shi har ƙarshe. Da ya auri gimbiya don sarauta, ta haƙura da matsayin ƙwarƙwara, Jessica na lallashinta, a nan littafin ya rufe. Masu karatu da yawa sun rufe shi suna tafa wa Paul. Herbert ya ga haka, a 1969 ya fitar da «Dune Messiah», inda bayan shekara 12 Paul da bakinsa ke ƙirga mutum biliyan 61 da yaƙinsa ya hallaka.

Villeneuve ya bayyana cewa ya yi aikinsa ne da sanin wannan gyara na Herbert. Tun da ba zai iya shigar da mu cikin kan Paul mu ji tsoronsa ba, sai ya ciro tsoron ya ba shi jiki da fuska. Chani ta fim ba ta yarda da annabcin ba, ta san cewa ƙungiyar matan Bene Gesserit ce ta shuka shi tun ƙarnoni don amfanin kanta. Tana son Paul mutum, tana ƙin Paul Mahdi. A ƙarshe jama'a suka durƙusa, ita ta tsaya, ta juya ta fita. Hoton rufewa fuskarta ce, ita kaɗai a kan tudu tana kiran tsutsa, jiragen yaƙi kuma sun tashi.

Sauyin yana da nasa lahani. An matse shekaru cikin watanni, har Alia ba a haife ta ba, jaririn da aka kashe babu shi, Jessica ta zama mai makirci fiye da yadda Herbert ya zana ta. Littafin ya bar mai karatu cikin ruɗu mai amfani: annabcin dasa shi aka yi, ga shi kuma yana cika. Fim ɗin ya sauƙaƙa ruɗun, ya nuna wa mai kallo inda zai tsaya. Amma wanda ya fito daga kallonsa ba ya fitowa da tafi a zuciya, da nauyi yake fitowa, nauyin kuma shi ne abin da Herbert ya nema tun 1965.

Kammalawa

Idan aka jera su, Harrison ya fi riƙe aukuwa, Lynch ya fi riƙe baƙuncin wannan duniya da kalmominta amma ya kife saƙon, Villeneuve ya zubar da abu mai yawa ya tsira da gargaɗin. A ganina na ƙarshen ne ya fi kusa, domin amanar littafi tana wurin abin da marubucin ya ji tsoro, kuma shi kaɗai ya ji tsoron tare da shi. Wannan bai sa ya zama littafin ba. Kama da wane ba ta wane. Ilimin ƙasa, da shari'ar ruwa, da zurfin kalmomin aro, duk suna nan a shafi suna jiran mai buɗewa.

Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu masu haɗa karatu da kallo, akwai gwaji mai sauƙi. A karanta wa ɗalibai babin jana'izar Jamis, sannan a nuna musu farkon fim na 2024, a tambaye su abin da ya ragu da abin da ya ƙaru. Daga nan a nuna musu ruwan saman Lynch da fuskar Chani, ɗaya bayan ɗaya, a bar su su faɗi wanne ne ya karanta littafin har ƙarshe. Yaran da suka san kuɗin garwar ruwa a watan Afrilu ba za su rasa abin cewa ba.